Wankan jego, kunun kanwa da kumburin zuciya: ina gaskiyar take?

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da iyayenmu da ke cikin wannan zaure. A wajen awo ma'aikaciyar jinya ta ja mana kunne a kan kunun kanwa da ruwan zafin jego, wai suna kawo kumburin zuciya. Ni kuwa wata mai kamawa zan tafi gida wanka in Allah Ya sauke ni lafiya, kuma na san Umma ta riga ta tanadi itace da kanwa. Gaskiya ne ko tsoratarwa ce? Ba na so in je in yi wa tsohuwa gardama a kan abin da ban fahimta ba.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya raba lafiya. Ni dai haihuwata tara, duk na yi wanka na arba'in safe da yamma, na sha kunun kanwa, na ci ƙauri da yaji. Ga ni nan da jikoki. Uwata ma haka ta yi. Yanzu komai aka tashi sai a ce al'ada ce ta kawo. Macen da ba ta gasu ba ai sanyi ne zai shige ta, ta ƙare da ciwon baya da ciwon ƙafa tun ba ta tsufa ba.

Dije 'Yar Maraɗi: Mu ma nan haka ake yi Hajiya. Amma ni na ga wadda ta kumbura bayan suna, har fuska. Tsofaffi suka ce ɗanyen jiki ne, a ƙara wuta. Ba ta kai arba'in ba. Allah Ya jiƙanta.

Sista Mai Awo: Amin. Hajiya Inna, Allah Ya ƙara girma, ba wanda ya ce duk wadda ta yi wanka za ta kamu. Mafi yawa suna yi su tashi lafiya kamar yadda kika tashi. Matsalar ita ce wadda zuciyarta ta riga ta raunana ba a sani ba. Ita ce ake kawo mana a kwance a bayan a-daidaita-sahu, tana haki, ƙafa ta yi suntum, kuma in ka tambaya sai a ce ai sati biyu ke nan ana ƙara mata ruwan zafi don kumburin ya saɓe. Likita yana cikin zauren nan, shi zai fi ni iya bayanin abin da ke faruwa a ciki.

Likita: Na gode Sista. Maman Husna, kafin a ce eh ko a'a, bari mu fara da aikin zuciyar kanta, don in an gane shi sauran duk za su zauna daidai.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, da ɗakuna huɗu: biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya zaga jiki ya dawo, ya tura shi huhu ya ɗauko iskar oksijin. Daga huhu jinin ya faɗo ɓangaren hagu, shi kuma ya buga shi da ƙarfi zuwa ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanji, har yatsun ƙafa. Tsakanin ɗakunan akwai ƙofofi masu buɗewa ta gefe guda don kada jini ya koma baya. Baligi yana da jini kusan lita 5, kuma yana zaune ma zuciya tana tura kusan wannan adadin a kowane minti, da bugu 60 zuwa 100.

To mai ciki fa? Jinin jikinta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin ta haihu, domin ita da ɗan tayi duk shi suke amfani da shi. Watanni zuciyarta take ɗauke da wannan ƙarin. Da ta haihu mahaifa ta tsuke, jinin da ke cikinta ya koma cikin jijiyoyi, ruwan da ya taru a jiki shi ma ya fara dawowa, sai ƙoda ta yi ta fitar da shi ta fitsari. Kwanakin farko na jego ke nan, kwanakin da zuciya ta fi bukatar a sassauta mata.

A daidai wannan lokacin ne ake ba ta kanwa. Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma duk inda sodiyam ya yi yawa jiki yana riƙe ruwa. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara sauri don ta cika su. Ku ɗauki injin ban ruwa a fadama: in yana da ƙarfi, ko an ƙara masa ruwa zai ja. In ya gaji, ruwan sai ya taru a bayansa ya yi ambaliya. Idan ɓangaren hagu ne ya gaza, ruwan a huhu yake taruwa, shi ne haki da tarin dare. Idan na dama ne, a ƙafa da hanta da ciki yake taruwa.

Abban Khalifa: Likita wallahi kamar kana gidana. Haihuwar iyalina ta uku, wajen sati biyar da sauka, ta daina iya kwanciya. Sai ta jera matasan kai uku ta jingina da bango, a haka take barci a zaune. In barci ya kwashe ta ta zame, sai ta farka a firgice tana neman iska, ta ce a buɗe taga, alhali lokacin hunturu ne. Silifas ɗinta ya daina shiga. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta dafa bango. Aka ce asma ce, aka ce sanyi ne, wata ma ta ce iska ce. Ranar da na ga tana tari da kumfa-kumfa na ce ko me za a ce sai asibiti. Hoton zuciya aka yi, aka ce zuciyar ta buɗe ta yi girma, ba ta matsawa yadda ya kamata.

Hajiya Inna: Subhanallahi. Yaya jikin nata yanzu?

Abban Khalifa: Alhamdu lillahi Hajiya, da sauƙi sosai. Tana kan magani, muna komawa a sake hoto.

Likita: Allah Ya ƙara sauƙi. Abin da Abban Khalifa ya kwatanta na rashin iya kwanciya, kowa ya riƙe shi. Idan mutum yana tsaye ko zaune, ruwan yana sauka ƙafa. Da ya kwanta sai ya gangaro ƙirji, zuciyar da ta gaji ta kasa kwashe shi, huhu ya jiƙe. Shi ya sa suke barci a zaune. Mai jegon da ta kai ga haka ba ganye take bukata ba, asibiti take bukata a ranar.

Hoton da aka yi wa matar Abban Khalifa shi ake kira eko, na'ura ce irin wadda ake duba ɗan tayi da ita. Da ita ake auna yawan jinin da ɗakin hagu na ƙasa ke fitarwa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 55 zuwa 70 na abin da ke cikinta. In ya sauka ƙasa da 45 a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ba a ga wani dalili daban ba, shi ne raunin zuciya na haihuwa.

Malam Bala Mai Shago: To in haka ne ai magana ta ƙare. A hana kanwa, a hana wanka, ciwo ya tafi. Me ake jira?

Likita: Ba ta ƙare ba Malam Bala, kuma nan ne nake so in yi wa Hajiya Inna adalci. Wannan ciwo ana samun sa a duk duniya, har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan kanwa ba. Abin da ya bambanta mu shi ne yawa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Farfesa Parry da abokin aikinsa Davidson, suka rubuta cewa gazawar zuciya bayan haihuwa tana samun kusan mace 1 cikin 100 a yankin. Wannan adadi ne mai ban tsoro, domin a Amurka da Turai sai a haihu dubbai kafin a samu ɗaya. Su suka fara danganta abin da kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Da aka fara duba waɗannan mata da na'ura kuma, sai aka ga da yawansu tsokar zuciyar tana matsawa, ruwa ne kawai ya yi mata yawa.

Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya sake samun adadi kusa da wancan, amma na Kano bai nuna cewa al'adar jego ita kaɗai ce ke bayanin ciwon ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne talauci, rama, hawan jinin ciki, da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam. Ra'ayina shi ne: kanwa da zafi ba su ne tushen raunin tsokar ba a wajen yawancin mata, amma su ne ke ingiza zuciyar da ta riga ta raunana ta faɗi. Kuma babbar illar da nake gani ita ce jinkiri, domin kumburi da haki ana fassara su da rashin gasuwa, sai a ƙara abin da ke ƙara ciwon.

Hajiya Inna: To ka ji. Ashe ba mu ne muke kashe 'ya'yanmu ba. Likita, wallahi abin da ke mana ciwo ke nan, a riƙa magana kamar mugunta muke yi. Tun asuba nake tashi in hura wuta, in dafa ruwa a tukunya, in tsoma ganyen darbejiya ina faffaɗa mata a baya da ciki, hannuna yana ƙuna. Kwana arba'in ba ta ɗora tukunya, ba ta shara, ba ta wanki. Wace mace ce a gidan miji take samun wannan hutun?

Sista Mai Awo: Wannan gaskiya ne Hajiya, kuma ni ba na so hutun nan ya ɓace. Mace ta samu mai kula da ita, ta ci nama, ta yi barci, a riƙe mata jariri, duk alheri ne. Na sha ganin matan birni da suka haihu ba kowa a kusa, kwana uku suna tsugune suna wanki. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ruwa ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba, don mun sha wanke ƙunar da ruwan jego ya yi a cinya da baya, balle wadda aka yi wa ɗinki ko tiyata. Kunu a dama shi na gero ko na gyaɗa ko na tsamiya, kanwar a bar ta, in ma an nace to ɗan abin da ba zai kai ya kawo ba, ba a riƙa zuba ta da hannu kullum sau biyu ba. Wadda kuwa aka ce tana da hawan jini a lokacin ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ita kam ko ɗanɗane.

Maman Husna: Sista ni fa a awon da ya wuce an ce jinina 140 bisa 90, aka ce in dawo bayan sati a sake aunawa. Ina cikin waɗanda kike nufi ke nan?

Sista Mai Awo: Kina ciki ƙanwata, kuma kada ki bari ranar ta wuce. Su duba fitsarinki ma. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko idonki yana ganin walƙiya-walƙiya, ko ciwo a saman ciki ta dama, ko fuska da hannu suka kumbura, kada ki jira ranar awo, ki tafi ko da tsakar dare ne. Kuma ki haihu a asibiti.

Likita: Na goyi bayan Sista. Lambobin nan biyu ga ma'anarsu: ta sama ƙarfin da jini ke dannan bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana cika. Wajen 120 bisa 80 ake so. Daga 140 bisa 90 hawan jini ne in an maimaita an same shi haka. Ga mai ciki ko mai jego, 160 bisa 110 gaggawa ce. Wani abin da mutane ba su sani ba, hawan jinin ciki ba ya tafiya da fitar mabiyiya. Yana iya tashi bayan haihuwa, har cikin sati shida. Saboda haka ko kin tafi gida wanka, a nemi inda za a riƙa auna ki, musamman satin farko.

Malam Mai Almajirai: Allah Ya saka wa likita da alheri. Ina so in ƙara abu biyu. Na farko, kada wata ta ɗauka in ta bar ruwan zafi ta saɓa wa addini. Wankan da shari'a ta wajabta shi ne na ɗaukewar jinin biƙi, wanda a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60. Wankan ganye na safe da yamma al'ada ce, in ta amfana a riƙe, in ta cutar a gyara. Na biyu, bayanin da likita ya yi na jini ya bi ta huhu kafin ya koma hagu, malaminmu ne Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, ya rubuta shi. Kafin shi likitoci sun ɗauka akwai ƙananan huji a bangon da ya raba zuciya, ya ce babu. Sai a 1628 Baturen Ingila William Harvey ya fitar da bayanin zagayen jini a jiki duka. Ina faɗin haka ne saboda masu cewa ilimin asibiti na wasu ne.

Dije 'Yar Maraɗi: Malam mun ƙaru. Amma ku dawo mana kan matsalar gida. Surukata ce za ta yi mini wanka ba uwata ba. In na ce ba na shan kanwa, za a ce 'yar boko ta raina mutane. Nono kuma in bai zo da wuri ba, a ce ga abin da ƙin kanwa ya jawo.

Sista Mai Awo: Nono ba kanwa ke kawo shi ba Dije. Tsotson jariri ke kawo shi, da cin abinci da shan ruwa. A sa shi a nono tun sa'ar farko, a yawaita. Ruwan farko mai kauri, dakashi, kaɗan yake zuwa kuma shi ne daidai cikin jaririn, sai kwana na biyu zuwa na huɗu nono ya cika. Da kanwa da ba kanwa haka yake.

Abban Khalifa: Dije, wannan yaƙin ba naki ba ne, na maigidanki ne. Shi zai je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce Inna ga abin da aka ce a asibiti. Ni da na tsaya ina jin nauyi, sati biyu aka ɓata. Mu maza mun iya sayen rago da itace da ƙafafun saniya, amma mun ɗauka abin da ke faruwa a ɗakin mai jego ba ruwanmu. Da ruwanmu.

Hajiya Inna: In ɗana ya zo mini da ladabi ya ce likita ya hana, ba zan ƙi ba. Abin da ba na so shi ne yarinya ta ture kwano ta ce ƙauyanci ne. Amma likita ina da tambaya. Kusan kowace mai ciki ƙafarta tana ɗan kumbura, masu jego ma haka. Yaya zan bambanta na banza da na zuciya? Ba zai yiwu kowace kumburi mu kwasa sai asibiti ba, kuɗin mota ma aiki ne.

Likita: Tambaya mai kyau Hajiya. Kumburin da aka saba yana tsayawa a idon sawu, ya fi yawa da yamma, ya ragu da safe, kuma bayan haihuwa raguwa yake yi cikin sati ɗaya zuwa biyu. Na zuciya ƙaruwa yake yi, yana hawa ƙwauri zuwa cinya. Ki danna babban yatsanki a ƙashin ƙwauri ki ƙirga biyar ki ɗaga. In ya bar rami mai zurfi da ya daɗe bai cike ba, ruwa ne. Amma abin da ya fi kumburin muhimmanci shi ne numfashi. Ki kalle ta tana ba da nono ko tana magana. In ba ta iya ƙarasa zance sai ta tsaya ta ja iska, in sallah a tsaye ta gagare ta, in ta kwanta tari ya taso, in tana cewa ƙirjinta yana bugawa da sauri tana zaune, to wannan ba gajiyar haihuwa ba ce.

Akwai kuma wani kumburin daban da ba na so a manta. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, tana zafi tana ciwo, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Kada a murza, kada a gasa, domin gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Masu jego suna cikin haɗarin wannan, shi ya sa muke so su riƙa ɗan takawa a tsakar gida, ba kwanciya wuni guda ba.

Mai Kemis: Likita ni ma bari in sa baki. Kusan kullum sai an zo mini a ce a ba da maganin fitsari, Lasix, mai jego ta kumbura. In na ce su je asibiti sai su tafi wani shagon. Kuma gaskiya in sun sha kumburin yana sauka. Mene ne illar?

Likita: Illar ita ce saukar kumburin tana sa a ɗauka an warke. Lasix ruwa kawai yake kwashewa, ba ya gyara tsokar. Dalilin taruwar ruwan ma shi ne, idan zuciya ta rage turawa, ƙoda tana ganin kamar jini ne ya yi ƙaranci, sai ta saki sinadaran da ke tsuke jijiyoyi su riƙe gishiri da ruwa. Wannan ya ƙara wa zuciya nauyi, ta ƙara gazawa, ƙoda ta ƙara riƙewa. Magungunan da ke tsawaita rai su ne masu karya wannan zagayen, masu sassauta jijiyoyi da masu rage saurin bugu don zuciya ta samu hutu, kuma ana fara su ne da kaɗan ana ƙarawa ana auna jini da aikin ƙoda. Shi kansa Lasix in an sha ba awo yana zubar da sinadarin fotashiyam, bugun zuciya ya rikice. Sannan kumburin yana iya zama na ƙoda, ko na ƙarancin jini mai tsanani, ko na lalacewar ƙofar zuciya tun daga ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi maganinsa ba. Kowanne hanyarsa daban. Ka ci gaba da tura su asibiti Malam, ko sun ji haushi.

Mai Kemis: In sha Allahu. Amma ku ma ku sani kuɗin eko ba kowa ke da shi ba, kuma ba kowane gari ake yi ba. Mutumin ƙauye sai ya sayar da akuya kafin ya kai matarsa birni.

Sista Mai Awo: Wannan shi ne ciwon da ke cin raina. Amma ko a ƙaramin asibiti ana iya auna hawan jini, a ƙirga bugu, a saurari ƙirji, a duba yawan jini, a fara taimako kafin a tura gaba. Kuma yawancin abin da ke kai mace ga wannan hali ana iya tare shi da araha tun a awo: ƙwayar ƙarin jini, maganin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, awon jini kowane zuwa. Macen da ta shiga naƙuda jininta ya yi ƙasa, zuciyarta ta riga ta yi watanni tana gudu don ta rama, ga zubar jinin haihuwa a kai. Ina ganin su, tafin hannu fari fat, cikin ido fari, an kawo ta haihuwa ta bakwai ba ta taɓa zuwa awo ba.

Malam Bala Mai Shago: Likita, mu da ba masu jego ba fa? Ni ma an ce in rage gishiri. Nawa ne daidai?

Likita: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen miya, yajin tsire, burodi, taliyar leda da kanwar da ake sa wa wake da miyar kuka. Ba na barbaɗawa kawai ba. Amma hawan jinin maza zance ne mai tsawo, a buɗe masa nasa zauren.

Abban Khalifa: Likita tambayar da ta fi damuna. An ce mana kada ta sake ɗaukar ciki yanzu. 'Yan uwa sun fara magana, yaron ya kusa shekara biyu. Har abada ne ko akwai lokacin da za a ce ta warke?

Likita: Ya danganta da abin da eko ya nuna. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin wata uku zuwa shida da fara magani, wasu sai sun fi haka, wasu kuma ba ta komawa daidai. In ƙarfin matsawar bai dawo ba, sabon ciki haɗari ne na rai, ba na ɓoye maka. In ya dawo daidai, haɗarin ya ragu sosai amma bai tafi duka ba, ciwon yana iya dawowa. Saboda haka shawarar a yanke ta tare da likitan da ke ganin hotonta, kuma tun kafin cikin ya shiga, domin wasu daga cikin magungunan da take sha, irin su lisinofiril da 'yan uwansa, suna cutar da ɗan tayi, dole a canza su tukuna. Hanyar tazarar haihuwar ma a tambaya, don ƙwayoyin da ke da sinadarin estirojin ba su dace da mai wannan ciwon ba, suna ƙara haɗarin gudan jini. Kuma kada ta tsayar da magani don ta ji sauƙi.

Hajiya Inna: Abban Khalifa, masu maganar nan ba su ne za su riƙe maka marayu ba. Ka bar ta ta warke. In mahaifiyarka ce ke matsawa, ka ɗauke ta ku je asibitin tare ranar hoto, ta ji da kunnenta.

Dije 'Yar Maraɗi: Likita ta ƙarshe daga gare ni. Wadda aka sa wa maganin zuciya tana jego, za ta ci gaba da ba da nono, ko yaye za a yi?

Likita: Yawancinsu suna ci gaba da shayarwa. Akwai magungunan da aka san ba sa shiga nono da yawa, su ake zaɓa mata, shi ya sa dole ta gaya wa likita tana shayarwa. Wadda jikinta ya yi tsanani sosai ce ake iya ce wa ta dakata, kuma a nan sai an zauna an duba yadda za a ciyar da jaririn da ruwa mai tsabta, don kada a tsira da uwa a rasa ɗa ta hanyar gudawa. Kada dai ta yanke wa kanta, ko ta bar magani saboda nono, ko ta bar nono saboda magani.